Ƙashin Kifi da Kwalbar Ƙarin Jini

Ko'ina mutum ya tafi a ƙasar nan, in ya ce daga wajen Argungu ya fito, labarin kifi za a fara tambayarsa. Ba laifin masu tambayar ba ne. Tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa wasan su, sunan garin ya manne da giwan ruwa da homa da gora. Birnin Kebbi kuwa, inda muke zaune, shinkafa ce ta ƙara fitar da sunanta. A nan ne aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba 2015. Wanda ya bi hanya tsakanin garuruwan nan biyu, ya dubi fadamar Rima tana shimfiɗe kore shar ko da rani, zai ce lalle Allah ya sa wa ƙasar nan albarka. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Amma a 2018 aka yi babban binciken lafiyar jama'a a dukan Nijeriya, aka auna tsawon yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A ƙasar gaba ɗaya, 37 cikin 100 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, wato sun tsumbure. A Jihar Kebbi 66 ne cikin 100, ba kuwa jihar da ta kai ta. Sa'ad da muka ji wannan, jikinmu ya yi sanyi, gama waɗannan yara ba baƙi ba ne. Su ne suke zama a benci na gaba a makarantar Lahadi, su ne kuma 'ya'yan maƙwabtanmu da suke wasa a ƙofar gidanmu. Talauci yana da hannu a ciki, cuta tana da hannu a ciki, ba mu musu. Amma akwai wata irin yunwa wadda ciki ba ya jinta. Yaro ya cika tumbi da tuwo ya yi barci, jikinsa kuwa yana roƙon wani abu ɗan mitsitsi wanda ba a ba shi ba.

Tun muna yara aka koya mana cewa daga turɓayar ƙasa Allah ya yi mutum. Likitoci da suka bincika jikin ɗan adam sun tarar da ƙasar tana nan a ciki har yau. Suna kiran waɗannan abubuwa ma'adinai. A jikin babban mutum akwai wajen kilo ɗaya na kalsiyam, wato ainihin abin da yake cikin alli da farar ƙasa, kusan dukansa yana cikin ƙashi da haƙori. Akwai ƙarfe na sosai, giram 3 zuwa 4, nauyin 'yar ƙaramar ƙusa, yawancinsa cikin jini. Akwai aidin, wanda dukan abin da mutum zai bukata daga haihuwarsa har tsufansa ba zai cika cokalin shayi ba. Jiki ba ya iya ƙera ko ɗaya daga cikinsu. Shuka ce take jawo su daga ƙasa, saniya ta samu a ciyawa, kifi ya samu a ruwa, mu kuwa mu samu a tukunya. In ba su shiga tukunya ba, to, ba su da wata ƙofar shiga.

Bari mu fara da ƙashi. Kowa ya san yaro mai gwame, ko wanda ƙafafunsa suka tanƙware kamar baka. Wani ba ya tashi tafiya da wuri, in ya yi 'yar tafiya sai ya zauna yana kuka, wuyan hannunsa ya yi kauri. Akan ce gado ne, ko kuwa an tsai da shi tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Littattafan likitoci na dā sun ce rashin hasken rana ne yake kawo wannan ciwo, gama haka aka gani a garuruwan Ingila masu hayaƙi, inda yara suke girma ba su ga rana ba. To, wa ya rasa rana a Birnin Kebbi? Da bazara ma gudunta muke yi.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ne aka warware wannan. Likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka tara yara masu tanƙwararrun ƙafafu, suka duba abin da suke ci. Suka tarar kalsiyam ɗin da yake shiga bakinsu wajen miligiram 200 ne a yini, bai kai rabin abin da ƙaramin yaro yake bukata ba, gama abincinsu hatsi ne, nono kuwa kaɗan. A 1999 suka bayyana cewa yaran da aka ba kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne gwajin da suka bayyana a 2015. Waɗansu yara aka ba su garin dutsen farar ƙasa da aka auna, waɗansu kuwa aka ba su busasshen kifi da aka niƙa tare da ƙashinsa. Duka biyu suka yi aiki. (Kada wani ya ji haka ya je ya kankaro farar ƙasa ya ɗura wa ɗansa. Likitoci ne suka tace ta, suka auna. Yaron da ƙafarsa ta riga ta tanƙware, asibiti za a kai shi.)

Ashe abin da masana suka yi shekaru suna nema a kan dutsen Jos yana nan zube kashi-kashi a kasuwar Argungu. Sai dai a lura, kalsiyam ba a tsokar kifi yake da yawa ba, a ƙashi yake. Giwan ruwan da ake ɗaga wa manyan baƙi a Matan Fada, tsokarsa ake ci a zubar da ƙashi. Ƙananan kifin nan da ake rainawa, waɗanda akan shanya a sayar da gwangwani, su ne ake cinyewa da kai da ƙaya duka, su ne kuwa masu gina ƙashin yaro. Matan zumuntarmu sukan wanke su, su sake shanyawa har su bushe ƙayau, su ɗan soya a busasshiyar tukunya, su daka, su tankaɗe da rariya mai laushi, su sake daka tsakin har ba ƙayar da za ta shaƙe yaro. A zuba a gwangwani mai murfi. In yaro ya cika wata shida a kan nonon uwa zalla, aka fara ba shi kunu, sai a riƙa barbaɗa masa cokali guda. Nonon da 'yan Fulani suke kawowa da safe shi ma haka, da miyar kuka, da zogale, da riɗi.

A nan dole mu yi magana da maza 'yan'uwanmu, ko da za a ji haushinmu. A gidaje da yawa, in an sauke miya, kwanon maigida ake fara cikawa. Kifin da yake ciki, ko 'yar tsokar nama, can za ta tafi. Yara su sami romo, uwargida mai ciki ko mai goyo ta sami ƙanzo. Har akan ce in an saba wa yaro da ƙwai ko nama zai tashi da sata. Ya ɗan'uwa, ƙashinka ya gama girma tun shekara ashirin da suka wuce. Na ɗanka yanzu ake gina shi, abin da bai samu ba a shekara biyu na fari da wuya ya rama shi daga baya. Mun karanta yadda Ubangijinmu, bayan tashinsa, ya hura wuta a bakin teku ya gasa kifi ya miƙa wa almajiransa da hannunsa. Ba mu karanta cewa ya ware babban ya ajiye wa kansa ba. Matarka ba za ta rage maka kifi da kanta ba, gama kunya da tarbiyya ba za su bar ta ba. Kai ne za ka ce a sa wa yara.

Sai maganar jini, wadda ta fi kowace yawa a bakin mutane. Ƙarfen nan ɗan kaɗan shi ne yake sa jini ya yi ja, shi ne yake ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. In ya ragu, sai ka ga cikin fatar ido ya yi fari, tafin hannu ya koɗe, mace ta ɗebo ruwa tulu ɗaya ta zauna tana haki, zuciya tana dukan uku-uku. Wata har takan ji marmarin cin ƙasa. Binciken nan na 2018 ya tarar mata 58 cikin 100 a Nijeriya suna da ƙarancin jini, ƙananan yara kuwa 68 cikin 100.

Mu mazauna bakin fadama muna da ɓarayin jini fiye da sauran mutane. Ruwan da yake ba mu shinkafa shi ne yake ba mu sauro, zazzaɓin cizon sauro kuwa farfasa ƙwayoyin jini yake yi. Yaran da suke wanka da kamun kifi a tafki sukan ɗauki tsargiya, su riƙa fitsarin jini, har a waɗansu wurare ana ɗaukar abin kamar alamar balaga ce. Ba alamar kome ba ce sai ta cuta, tana kuwa da magani. Ga tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafar wanda ba ya sa takalmi, ta maƙale a hanji tana tsotsa. Ga haihuwa a kai a kai, jiki bai mai da abin da ya zubar ba wani ciki ya shiga. Saboda haka wanda yake zuba ruwa a tulu, sai ya duba gindin tulun tukuna. Gidan sauro, da takalmi, da maganin tsutsa, su ma maganin ƙarin jini ne, ko da yake ba wanda yake kiransu haka.

Abin da ake kira maganin ƙarin jini kowa ya san shi. Je ka tashar mota ranar kasuwa, ga mai magani da lasifika a kan mota, ga kwalba ja wur a hannunsa. Kwalba ɗaya tana maganin shawara, da basir, da ciwon baya, da rashin ƙarfi, ta kuma ƙara jini nan take. Mutum ya sayar da kifin da ya kwana cikin ruwa yana kamawa, ya ba da kuɗin a kan ruwan sukari mai launi, ya kai wa matarsa da zuciya ɗaya, gama ƙaunarta yake yi. Wannan ne yake ba mu tausayi. Jan launi ba jini ba ne. Haka nan lemun kwalba mai duhu da ake garwaya da madarar gwangwani a ba wanda ya tashi daga ciwo: yana da daɗi, yana ba da ɗan ƙarfi, amma ƙarfen da yake ciki bai kai na yankan hanta guda ba. Akwai magungunan ruwa na gaskiya masu ƙarfe a ciki waɗanda likita yakan rubuta, musamman domin yara. Waɗannan suna da lambar hukumar NAFDAC, an kuma rubuta abin da yake ciki da yawansa. Kwalbar da ba ta faɗi abin da yake cikinta ba, ku bar wa mai ita.

Abin mamaki, maganin da yake aiki da gaske shi ne wanda ba a yi masa talla. 'Yar ƙwayar nan ce da ake ba mata a wurin awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kowace rana, tare da wani bitamin da ake kira folik asid. A wannan lokaci abinci kaɗai ba safai yake isa ba, gama jikin uwa yana ƙara jininsa, yana kuma yi wa jariri nasa guzuri. Amma sau nawa mukan tarar da ƙwayoyin nan a ƙulle cikin leda a ƙasan akwati! Wata ta ce suna tayar mata da zuciya. Wata ta ga bayan gidanta ya yi baƙi ta tsorata. Wata kuwa uwar mijinta ce ta hana.

Mun taɓa jin wata tsohuwa a taron zumuntar mata ta tashi ta ce wa ungozomar da aka gayyato, "'Yar nan, maganin nan naku girma yake sa ɗa ya yi a ciki, haihuwa ta gagara. Mu da muka haifi goma ba mu sha shi ba."

Ungozomar ta rusuna ta ce, "Inna, Allah ya ja kwana. Cikin ƙawayenki da kuka yi aure tare, su nawa ne suka tafi wurin haihuwa?"

Tsohuwar ta yi shiru, ta fara ƙirga da yatsu, sa'an nan ta zauna.

Ungozomar ta bayyana mana cewa kowace mace takan zubar da jini wurin haihuwa. Mai cikakken jini takan jure. Wadda ta zo da rabi, abin da wata za ta zubar ta tashi ta yi wanka, ita shi ne zai tafi da ita. Baƙin bayan gida ba cuta ba ne, ragowar ƙarfen ne yake fita. Mai tashin zuciya ta sha da dare bayan ta ci abinci. Kada a haɗa da shayi, gama shayi yana ɗaure ƙarfe ya hana shi shiga jini. Lemo, da goba, da ɗanyen tumatir kuwa buɗe masa hanya suke yi. Ta kuma ja mana kunne a kan abu biyu. Ƙwayoyin nan kama da alewa suke, yaro ƙarami in ya haɗiye da yawa yana iya mutuwa, sai a ɓoye su a inda hannunsa ba ya kai. Mai ciwon sikila kuma, ko da ya yi fari fat, kada ya sha ƙarfe sai likita ya gwada jininsa ya ce ya sha, domin nasa ƙarancin jinin daga wata hanya yake.

Sauran mutanen gida, waɗanda ba masu ciki ba, yawanci tukunya ta ishe su: hanta ko da sau ɗaya a mako, kifi, fara a lokacinta, wake, daddawa, ganye. Gero yana da ƙarfe fiye da farar shinkafa, sai dai akwai wani abu a cikin hatsi da yake riƙe shi gam. Jiƙa gero a bar shi ya kwana, ya yi ɗan tsami kamar yadda ake yi wa kamu, yana kwance wannan riƙo. Iyayenmu mata suna yin haka tun ba a san sunan abin ba.

Akwai wata ƙwaya kuma da ta cancanci wuri a kowane gida mai yara, ita ce zinki. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce yaro mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kuma ba shi zinki miligiram 20 kowace rana har kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa rabin wannan. Yana rage kwanakin zawon, yana kuma tsare yaron na 'yan watanni. Ko zawon ya tsaya a rana ta uku, a cika kwanakin.

Aidin ne kaɗai wanda kwarinmu bai tanada mana sosai ba. A teku yake da yawa, kifinmu kuwa na ruwan daɗi ne. Kakannin mutanen ƙasar nan gishirin Foga suke ci, wanda ake dafawa a kwarin Foga cikin Nijar, can bayan Kamba, a ɗoro shi a kan jakai zuwa kasuwar Jega da sauran kasuwannin Kabi. Ga kuma kantu da raƙuma suke kawowa daga Bilma. Gishiri ne mai daɗin miya, har yau akwai tsofaffin da ba su yarda da wani ba, amma ba wanda ya sa masa aidin. In aidin ya gaza, wani ɗan nama da yake a gaban wuya yakan kumbura don neman abin da babu, shi ne maƙoƙo. Maƙoƙo dai ana ganinsa. Ɓarnar da ba a gani ita ce wadda ake yi wa ƙwaƙwalwar ɗan da yake ciki, ya zo duniya da nauyin fahimta, malamin makaranta ya yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba.

Mutanen Suwizalan, waɗanda su ma suke nesa da teku, suka sha fama da maƙoƙo, su ne suka fara zuba aidin a gishirin ƙasarsu a 1922. A Nijeriya, a 1993, an tarar wajen yaro ɗaya cikin biyar yana da kumburin wuya, sai gwamnati ta wajabta a sa aidin a dukan gishirin ci. 'Yan makarantarmu na yanzu da yawa ba su taɓa ganin babban maƙoƙo ba, mu kuwa mun girma muna ganinsa a kasuwa. Abin godiya ne. Namu aikin kaɗan ne: mu sayi gishirin leda wanda aka rubuta yana da aidin, mu rufe shi kada laima da rana su taɓa shi, na lasar dabbobi kuma mu bar wa dabbobi. Ba a ce a ƙara yawan gishiri ba fa. Giram 5 a yini, wajen cokalin shayi ɗaya har da wanda yake cikin ɗunƙulen miya, shi ne iyakar babban mutum, fiye da haka hawan jini yake jawowa. Aidin na shafa wa miki kuma ba na sha ba ne.

Wannan ya kawo mu ga kanwa, wadda ita ma daga ƙasa take fitowa, ita ce kuwa ma'adinin da muke ci har ya yi yawa. 'Yar kaɗan a wake ko a miyar kuɓewa ba ita muke nufi ba. Kunun kanwar mai jego muke nufi, wanda akan dama da kanwa mai yawa a ba mace safe da yamma har ta yi arba'in, domin nono ya kawo, ciki kuma ya wanku. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa jikinsu a kumbure, numfashi yana gagararsu, zuciya ta kasa. Suka ga yawancinsu suna shan kunun kanwa, suna wankan jego da tafasasshen ruwa, suna kwana a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Abin da yake cikin kanwa ɗan'uwan abin da yake cikin gishiri ne, yana tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna ba kanwa kaɗai ba ce. An tarar da yawa cikin matan suna da ƙarancin wani ma'adini da ake kira seleniyam, ga talauci da rashin abinci mai kyau. Amma zuciyar da ta riga ta gaji da ɗawainiyar wata tara, ba a ɗora mata buhun gishiri.

Maganar nan tana da wuyar faɗa a gida, gama mai dama kunun uwa ce ko kaka, da ƙauna kuma take damawa, haka aka yi mata ita ma. Ba mu ga amfanin yi mata gardama a gaban mutane ba. Abin da muka ga yana aiki shi ne mijin mai jegon ya sami tsohuwar a keɓe, ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙe ta a rage kanwar a mai da kunun na gyaɗa ko na tsamiya, a sassauta zafin ruwan, shi kuma ya ɗauki nauyin kawo hanta da kifi da nono. Tsofaffi ba safai suke ƙin roƙon wanda ya zo da cefane a hannu ba. In kuwa aka ga ƙafafun mai jego sun kumbura, ko tana tari da dare, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune saboda numfashi, a dakatar da kunun, a nemi mota a kai ta asibiti a ranar, ko da arba'in bai cika ba.